Kwaɗo Biyu a Ƙofar Sito

"Shugaba, cire naki tukuna," in ji ma'aji, yana huci.

"Ni zan fara? Ka yi kaɗan!"

Dukansu aikin sa-kai suke yi wa ƙungiyar abincin unguwa. Tun ranar da ya ce tana fifita danginta wajen rabo, ta garƙame sito da kwaɗonta, shi ma ya ɗora nasa. Damina ta wuce suna taro suna cacar baki, jama'a na komawa gida da kwano wayam.

Wata tsohuwa ta gaji, ta kirawo maƙeri ya fasa duka biyun.

Shugaba ta riga kowa shiga, ta cusa hannu cikin buhun wake don ta nuna komai na nan, ta kunyata ma'aji. Gari ta damƙo, ƙwari na bin yatsunta.