Ɗan Farin da Suka Maido Mini

Tun da aka kafa dokar nan ta cewa teku ba ta cin kowa, duk wanda jirginsa ya ɓace sai hukuma ta maido shi gida. Ɗana na fari ya bi jirgin da ke ɗauko duwatsun tsoffin biranen ƙabilar Maya daga ƙetaren teku, jirgin ya yi ɓatan dabo. Ranar Talata suka kawo mini wani mai irin fuskarsa. Yana shigowa ya rungume ni, wai "Mama!" Ɗan fari? Yaron da ko ido ba ma haɗawa?

Na tasa shi a gaba har ofishinsu.

"Kai, ɗan nan, karɓi kayanku," na ce wa ma'aikacin. "Ku koma teku ku nemo mini nawa, ko da gawarsa ce."

"Iya, yi haƙuri. Faɗi sunansa a bakin na'urar nan, sai mu duba."

"Ni? A gidanku uwa tana kama sunan ɗan fari?"

"To, babu bincike ke nan."

Na ja mayafi na rufe fuska, na ce, "Sallau."

Daga bayan ƙofar siton ajiyar ofishin, muryoyi da yawa suka amsa tare: "Na'am, Mama."