Zanen Inna Tumba

Tun da aka raba wa kowa kwamfutar hannu mai araha, asibiti ba ya ba da magani sai ta gane fuskarka. Yau ta ƙi gane Inna Tumba.

Tsohuwar ta kai kwamfutar wa Sahabi mai gyara, a kasuwar Sabon Birni.

"Inna, manhajar ce aka sabunta. Zanen Gobirancin kumatunki take ɗauka tsagewar gilashi."

"Zanen gidanmu? Wa zan kai ƙara?"

"Ba ta da mai ita. Ta kowa ce, kowa na iya gyarawa."

"To gyara mini, ɗan nan."

"Mutum ɗaya ya san wannan ɓangaren, kuma ya rasu bara."

Ta shafa kumatunta. Sahabi ya sunkuyar da kai, ya turo mata gwangwanin hoda don ta rufe zanen. Tsofaffin da suka riga ta zuwa sun cinye rabi.