Shuɗiyar Gangar Jonah

Tun kafin Malam Haladu ya kai bayan ɗakin Jonah, hancinsa ya riga ya sanar da shi abin da zai tarar. Shekara tara ke nan yana gadin wannan rukunin gidajen ma'aikata na unguwar Al Aziziya da ke gefen Doha, kuma ko wari bai taɓa shiga ƙofar ba sai da saninsa.

Ga ta kuwa: shuɗiyar gangar roba mai cin lita ɗari biyu, an girke ta a tsakiyar rana, cikinta ya kumbura kamar na akuyar da ta faɗa rumbu. An ɗaure murfin tamau, kumfa mai tsami na tsattsafowa ta gefe. Ko takardar sinadarin wanke daɓe da ke jikinta ba a ɓanɓare ba.

Mai gangar shi ne Jonah, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda bai cika wata huɗu da zuwa daga Kafanchan ba. Ya fito yana goge hannu a wando.

"Baba Haladu, kunu ne fa."

"Kunu," in ji Haladu. "To, Allah ya sauke kunu lafiya, na ga cikin ya tsufa."

A shekarar nan ta dubu biyu da shida Doha na shirin wasannin Asiya, bincike ya tsananta, kuma kafil, wato Balaraben da takardunsu ke hannunsa, ya ce ranar Alhamis zai zo duba gidajen. Haladu ya san ƙa'ida sarai: muddin aka ga ganga ɗaya ta giya, babu ƙofar da ba za a buɗe ba, kuma mai gadi ne farkon wanda za a sa a jirgin komawa gida.

Ya dubi yaron da irin kallon da tsohon malami ke yi wa ɗalibin da ya rubuta sunansa ba daidai ba. A ganinsa, lalacewar zamani ba ta wuce wannan ba: kowane sakarai ya sami ganga da sukari, sai ya ɗauka ya zama wani.

"Ka kwance murfin a hankali, kada ya tashi da haƙoranka. Ka tuttular a magudana, ka bi da ruwa. Khalas, shi ke nan."

"Baba, akwai masu jira ranar Juma'a."

"Masu jira ba za su mutu da ƙishirwa ba."

Kafin azahar Ghali direba ya baza labarin, kowa na yaba dattijo. Ai dama an san shi: mutumin da ke sayen dabino buhu-buhu ko ba azumi ba, wanda turaren wuta ba ya mutuwa a ƙofar ɗakin famfo inda yake shimfiɗa tabarmarsa.

Ranar Alhamis kafil ya bi ɗaki-ɗaki, bai ga komai ba. Da ya iso ɗakin famfo, ya shaƙi ƙamshi, ya ga dattijo a zaune, ya gaishe shi da girmamawa, ya wuce.

Motar kafil na ficewa, Haladu ya zaro mabuɗi daga aljihu, ya shiga duba gangunansa shida na giyar dabino da ke jere cikin inuwa, kowacce da siririyar tiyo a murfi tana numfashi cikin kwalbar ruwa, kamar yadda duk wanda ya san sana'arsa yake yi.