Layi Talatin, Saura Goma Sha Shida

Ranar da faifan kwamfutar ya mutu, ya tafi da littafin Malam Ari, tarihin gidansu tun daga Borno, aikin shekara bakwai. Takardun da ya rubuta da hannu kuwa tuni gara ta cinye rabinsu.

Alhaji Babaji, mai shagon buga takardu a unguwar Yerimaram, bai yi dogon bincike ba. Ya ce Kellu mai buga rubutu ce ta kashe na'urar ba bisa ƙa'ida ba, kuma Juma'a ce ranarta ta ƙarshe.

Mubaraka ta iso daga Kano ranar Talata. Ita ta haɗa musu kwamfutar a 1996, ita ta rubuta mata manhajar da ke tambayar faifan lafiyarsa kowace safiya, ta buga amsar a doguwar takarda. Idan faifan ya daɗe yana ciwo, takardun za su nuna, Kellu ta fita daga zargi.

Alhaji ya miƙo mata fayil ɗin takardun da alfahari. Ya ce shi da kansa yake yago rahoton daga injin ya adana, domin a shagonsa ko tsinke ba ya tafiya a banza.

Ta jera su a kan tebur. A saman kowanne, faifan ya faɗi tsawon saƙonsa, layi talatin. Ta ƙirga abin da ke ƙasa, goma sha huɗu. Haka na ranar ƙarshe, haka na watan da ya wuce. Faifan yana magana, ana katse shi a tsakiya.

Ta san irin wannan cuta. Wani lokaci manhaja kan tanadi wuri kaɗan, ta karɓi farkon saƙo ta zubar da sauran, ba ta gaya wa kowa ba. Kwana biyu ta yi tana bin aikinta layi-layi, ba ta cin komai sai shayi, ƙamshin ƙosan Yakaka, mai tuya a bakin ƙofar shagon, na shigowa. Ba ta ga kuskure ba. Amma ita ta rubuta abin, don haka ta yanke shawarar ɗaukar laifin, ko da sunanta zai ɓaci a garin.

Da safiyar Juma'a ta tsaya wajen Yakaka, don kada ta yi wannan magana da yunwa. Ta sayi ƙosai, ta buɗe ƙunshin, sai ta ga takardar rahoton ce. Ƙarƙashin man ƙosan, layi na goma sha biyar ya ce faifan ya kusa mutuwa, a kwashe komai yau. Kwanan watan da ke jikin takardar na mako uku da suka wuce ne.

"Iya, ina kika samo wannan takarda?"

"Alhaji mana, 'yata, Allah Ya saka masa. Kullum da safe yake yago mini ƙasan, ya ce lambobi ne kawai."