Kabarin Uwar 'Yar Wushirya

Mai wanki tana matse zanen gado lokacin da baƙuwar ta sake ɗaukar 'Yar Wushirya ta ɗora a cinya. Ta murɗa zanen har sai da ya kusa yagewa.

Kowace shekara haka suke zuwa gidan marayun nan, samari da 'yan mata daga ƙasashen waje, kowa da jaka goye a baya kamar jariri. Su shafa wa bango fenti, su koya wa yara tafi da waƙa, su ɗauki hoto, sannan su wuce yawon ganin duwatsu da bakin teku. A bar yara suna kuka a bakin ƙofa. Wa ke rarrashi? Mai wanki.

Wannan kuwa ta fi sauran naci. Abokan tafiyarta sun yi gaba, ita ta tsaya. Ta tsefe wa yarinyar kitso ta kasa mayarwa. Ta ɗura mata alewa har cikinta ya ɓaci. Yanzu kuma wai idan ta gama yawonta za ta dawo ta tafi da ita ƙasarsu, ta riƙe ta. Tun da mai wanki ta ji wannan maganar, abinci ya daina wuce mata.

Shugabar gidan ta same ta a bayan igiyar shanya.

"Wannan hararar da kike wa baƙuwata ta ishe ni. Kuma bakin nan naki ya ci gaba da zama a rufe a gaban baƙi, yadda muka yi da ke. Kika ɓata min, ke da aikin nan kun rabu, kin kuma san wa zai bar makaranta."

"Hajiya, da gaske ba ta yarinyar za ki yi?"

"Wanki aka ɗauke ki yi, ko tambaya?"

Ranar tafiya baƙuwar ta fito da furanni a hannu, idanunta jawur. Direban gidan ne ke fassara. Wai ba za ta iya ɗaukar yarinyar ba sai ta tsaya a kan kabarin uwarta ta nemi izini, ta yi mata alkawarin kula da ita.

Shugaba ko gezau. Ta dubi mai wanki. "Ke, kai su. Kabarin da kika saba nunawa."

Mai wanki ta goge hannu a zaninta ta shige gaba. Baƙuwa na biye da ita, goye da ƙatuwar jakarta, riƙe da hannun yarinyar, direba a baya. Suka zo ƙofar maƙabarta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Direba ya yi gyaran murya. "Yaya, kin wuce fa."

"Ka yi aikinka, in yi nawa."

Ta karya wani lungu, ta tura ƙofar wani ɗaki. Tabarma ce a ciki, da bokitin ruwa, da ɗan takalmin roba rataye a ƙusa, wanda ya daɗe da yi wa mai shi kaɗan. 'Yar Wushirya ta zame hannunta ta shige, ta zaro kofi daga bayan bokitin ta ɗebi ruwa, babu wanda ya nuna mata wurin.

Baƙuwar ta leƙa ɗakin, ta dubi direba, ta yi magana.

"Tana tambaya ina kabarin," in ji shi, murya can ƙasa.

"Ka ce mata ba a haƙa shi ba tukuna. Izinin kuma ba a bayar ba."

Mai wanki ta miƙa hannu ta karɓi furannin, tunda dai ita aka kawo wa, sannan a karon farko ta buɗe baki sosai a gaban baƙuwa ta yi murmushi, wushiryarta sak irin ta 'yarta.