Abu Salama a Tsibirin Tuti

Wata Juma'a da la'asar Baba ya kai ni tsibirin Tuti da ke kogin Nilu a kwale-kwale daga Umdurman. A hanya yana ba ni labarin abu salama, ƙaton kifin tekun Bur Sudan mai wasa da mutane. Da muka sauka cikin ruwa, na ƙanƙame gefen jirgin.

Baba ya ce, "Ya waladi, ɗana, abu salama ba ya zuwa wurin mai riƙe da katako."

Na saki. Sai wani abu mai ɗumi ya tallabo cikina. Na daɗe ina ba kowa labarin yadda abu salama ya tallabe ni.

Sai ranar da na tallabi 'yata ina koya mata iyo na gane babu abu salama a Nilu. Hannun Baba ne.