Fuskar Ilu a Murfin Magani

Tun da aka fito da gwangwanin maganin tarin fuka mai idon kyamara, murfinsa ba ya buɗuwa sai majiyyaci ya kalli bidiyon wanda ya warke. Bana fuskar Ilu mai shayi ce a kai. Kowa a tasha ya gani, aka ƙaurace wa kofunansa.

Ran nan da safe tsohon direba Barau ya zauna a bencin Ilu, ya ajiye gwangwani, idon yana ƙiftawa.

"Kai ne ka hana ni sakat? Sau uku na so jefar da shi, ka tsare ni da ido."

"Saura wata nawa, Baba?"

"Yau na haɗiye ƙwayar ƙarshe. Haɗa min mai kauri."

Ilu ya ɗaga kofi sama, ya tsiyayo yadda kowa zai gani.